Tattakin da Ba Na Zariya Ba

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
10 ga Nuwamba, 2013

Zuwa ga ɗana Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya. Ya aiki, ya zafin Dubai da kake ta kuka da shi? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwa ta yi sauƙi. Kunne ne dai yana nan yadda ka bar shi, don haka ka daina wahalar da kanka kana kirana a waya, ba abin da nake ji sai shuu kamar ana suyar ƙosai. Labaran zai taso jibi sayen takalma, shi zai kawo maka wannan. In ka rubuta amsa ka damƙa masa a hannu.

To, maganar da ka ɗora min. Na je gidan Malam Ɗalhatu. 'Yarsa Ayisha ta fita takaba tun bara, tana nan tana aikinta na jinya, tana riƙe da yaranta. Mahaifiyarta ta karɓe ni hannu bibbiyu. Shi kuwa Malam ka san shi, ko sannu ka yi masa sai ya nemi hujjarta. Ya ce ya san mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya san ni da shi kakanmu ɗaya, saboda haka asali ba abin dubawa. Abin da bai sani ba shi ne yadda zaman Dubai ya mayar da kai. Yana son hotonka na kwanan nan, ba wancan na fasfo ba, da takarda da hannunka mai faɗin yadda kake zaune da kuma su wa kake hulɗa da su. Kafin nan ba zai yarda a turo maza ba.

Ita Ayisha na ja ta ɗaki mu biyu. Ba ta ce ba ta so ba. Amma ta faɗi magana ɗaya, zan kuma rubuta maka ita yadda ta fito, ko za ka ji haushi. Ta ce, "Gwaggo, ranar da ya zo gaishe ki da Sallah ina tsakar gida. Benen nan naki har wani tsawo gare shi? Amma sai da ya tsaya a tsakiya ya dafa bango. Haka marigayi Shu'aibu ya fara. A kan matakalar gidanmu na rufe masa ido, ledar cefane na hannunsa. Ni ba zan iya takaba biyu ba."

Gaskiya ta faɗa. Tun rasuwar matarka Ummi Kulsum ba abin da kake yi sai zama a kujerar ofishinku na aika kaya da cin shinkafar Larabawa. Tumbin nan naka ya kai yana riga ka yin sallama. Kuma ka sani, akwai wani mai kantin magani da ya fara zarya a gidan, siriri ne kamar muciya.

Ka san abin yi. Ka gaida mutanen Kano da ke nan.

Gwaggonka,
Halima Sa'adiya

Bur Dubai
4 ga Disamba, 2013

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki, da fatan gwiwa na ƙara sauƙi, kunne kuma Allah ya kawo afuwa. Ni ma lafiya, sai dai ciwon jiki, shi ma na alheri ne.

Na karanta maganar Ayisha, ta shige ni ƙwarai, kwana na yi ina juya ta. To albishirinki, Gwaggo, na shiga tattaki. Wani ɗan'uwa mai suna Abukari ne ya jawo ni cikin jama'arsu, ya daɗe yana yi min nasiha ina ƙi. Ranar Litinin da aka yi hutu muka fita tun da asuba, maza da mata, da tutocinmu, kowa a ƙasa. Wuni muka yi muna tafiya. Da muka kai wani wuri muka tsaya muna fuskantar Iran, wallahi sai da na yi kuka, ina dukan ƙirji. Ban taɓa sanin haka zuciyata take ba. Na gane duk shekarun nan a ɓace nake. Na yi wa kaina alkawari ba zan bar wannan hanyar ba, ko wa zai yi min dariya.

Ƙafafuna sun kumbura, gajiya ba ta sake ni ba, shi ya sa na taƙaita. Ga hoto nan a ciki, a ranar aka ɗauka, ba wanda ya fi shi sabunta. A kai wa Malam ya ga irin mutanen da nake hulɗa da su yanzu.

Ɗanki,
Halliru

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
20 ga Disamba, 2013

Halliru,

Ban sani ba ko sallamar da muka saba zan yi maka, ko akwai wata sabuwa da aka koya maka a can. Lafiyata ƙalau da, yanzu kuwa jinina ya hau, kuma kai ne sila.

Bari ka ji abin da ka ja min. Shekaranjiya Labaran ya kawo ambulan ɗinka. Tabarauna na wurin gyara, ƙafarsa ta karye, sai na leƙa hoton na ga dishi-dishi, na ce Alhamdulillahi yaro ya ji magana. Don murna ko zama ban yi ba, na ja mayafi sai gidan Malam. Da na fito titin Zariya na tarar ba hanya. 'Yan Shi'a ne suka taso tattakinsu na Arba'in, za su Zariya a ƙasa, maza da mata, baƙaƙen kaya, tutoci, iya ganinka. Na daɗe a tsaye kafin na sami tsallakawa. Ka riƙe wannan a ranka.

Na iske Malam a zaure bayan la'asar da ɗalibansa, manyan mutane masu gemu, shi ma ransa a ɓace don an tare masa hanyar kasuwa tun safe. Ni da bakina na ce, "Malam, ga takardar yaron nan, a karanta kowa ya ji." Shi kuma saboda kunnena sai ya ɗaga murya yadda har mai rake a ƙofar gida zai ji. Rabon da in ji magana tar haka na manta, ashe wadda ba na so ce zan ji.

"Na shiga tattaki." Ɗaliban suka dubi juna. "Da tutocinmu." Wani ya ce a'uzu billahi. Da ya zo kan Iran sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Da ya zo kan dukan ƙirji bai ƙarasa ba, ya zaro hoton. Yanzu na karɓo tabarauna, ga hoton a gabana ina kallo. Baƙar riga, baƙin wando. Jan ƙyalle ɗaure a goshi. Hannu a ƙirji, ido jawur. Bayanka ga tuta mai ja da kore da baƙi. Halliru, ko ni da na yi maka wanka da hannuna kana jariri, me zan ce?

Malam ya ninke takardar a hankali ya miƙo min, ya ce, "Hajiya, Allah ya ba shi mata a cikin jama'arsa." Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

Ka ji ni da kyau. Ni ba ruwana da aƙidar kowa. Hadi tela maƙwabcina ɗan Shi'a ne, shi ke kai ni asibiti a babur ɗinsa, ban taɓa ganin aibunsa ba. In can zuciyarka ta kwanta, kai da Ubangijinka. Amma ka rasa inda za ka sanar sai zauren Malam Ɗalhatu, ta bakina, a ranar da suka tare masa titi? Cewa na yi ka rage tumbi, ban ce ka sauya alƙibla ba.

Ka ba ni amsa ɗaya, e ko a'a, in san abin da zan faɗa wa mutane.

Halima Sa'adiya

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Janairu, 2014

Halliru,

Ina gaisuwa, in har yanzu ana amsa gaisuwar irinmu. Jiki da sauƙi, ba don kai ba.

Jirage nawa suka sauka daga Dubai tun da na rubuta maka? Har matar da ke sayar da labule ta je ta dawo. Shirun nan naka kowa ya ɗauke shi a matsayin e. Hadi ya dawo daga Zariya yana ɗingishi, ya ji labari, ya shigo min gida fuska cike da fara'a yana cewa, "Hajiya, ashe mun yi ɗan'uwa a Dubai ba ki faɗa ba!" Ya ba da man kaɗanya a kawo maka, wai ka dinga shafa wa dunduniya kafin ka sa safa. Ga shi nan cikin ƙullin, ka ji da shi.

Mai kantin magani yanzu shi ke auna wa Malam jini kyauta duk Juma'a. Ayisha ba ta ce uffan ba, sai dai ta aiko a ba ta hoton, na kuwa ba ta don ganinsa ma ɗaga min hankali yake.

In kana raye ka yi magana.

Gwaggonka

Bur Dubai
15 ga Janairu, 2014

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum, irin wadda muka saba, ba a koya min wata ba. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya saukar da jinin nan. Ni ma nawa ya hau tun da na karanta takardarki.

Amsar ita ce a'a. A'a, Gwaggo! Na rubuta miki haka tun washegarin da takardar ta zo. Labaran bai tashi komawa ba, sai na ba Dikko mai saro kayan lantarki. Shi kuma don tsabar hikima ya cusa ta cikin kwalin dutsen guga wai kada ta ɓata, kwalin ya shiga kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Yanzu haka amsata na tsakiyar teku. Na kira ki kuma, ina ihu har maƙwabcina Ba'indiye ya buga min bango, ke kuwa kina ta "Wa? Wa ke magana?" kika kashe.

Ga abin da ya faru, don Allah ki karanta da tabarau. Abukari mutumin Kumasi ne, daga zango, unguwar Hausawan can, gadi yake yi a sito ɗin da muke tara kaya. Ɗan'uwa na ce don Musulmi ne mai jin Hausa. Jama'arsu kuwa ma'aikata ne masu fita yawon duwatsu ranar hutu, Filifinawa da Indiyawa, da wata Baturiya da ta girme ki, tana tafe da sanduna biyu. Rabinsu ko alwala ba su sani ba, balle Zariya.

Mota ta kai mu wani gari a bakin teku can gabas, wajen Fujaira. Daga bayan kasuwar kifi hanyar ta fara. Ban ma san me ya sa suke ce mata hanya ba. Manyan baƙaƙen duwatsu ne masu santsi a gaɓar ruwa, kana tsalle daga wannan zuwa wancan, ƙaguwa na gudu ta ƙarƙashin ƙafarka. Hagu dutse ya miƙe kamar bango, dama teku na watso maka gishiri a ido. Akwai inda wurin takawar bai fi faɗin tabarmar salla a naɗe ba, an ɗaura igiya a jikin dutse. Baturiyar ta wuce tana hira. Ni da rarrafe na bi, ina karanta duk abin da na haddace.

Wajen azahar muka isa wani ƙauyen masunta da mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa ko ƙafa. 'Yan gidaje ne na dutse, da awaki, da ƙaramin masallaci. Na zube ƙarƙashin wata bishiya ban san inda kaina yake ba. Wani dattijo, Abdul-Wahid, ya zuba min ruwa a ka, ya ba ni dabino da gahawa, ya zauna yana yi min fifita da murfin kwando yana dariya.

Da na farfaɗo muka yi salla, na ce to a juya. Sai Abukari ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci da Turancin ƙasarsu, "Massa, khalas, shi ke nan, ruwa ya ci hanya. Sama za mu bi. Yalla, kaɗan-kaɗan, chale, ba nisa kwata-kwata." Na duba, wallahi duwatsun da muka taka da safe duk teku ya rufe su. Haka yake yi kullum, ya janye ya dawo. Dole sai ta bayan ƙauyen, a haye dutsen, a gangara ta wani busasshen kwari. Hanyar awaki ce, tsakuwa na zamewa, rana a tsakiyar ka. Duk ƙololuwar da na ce ita ce ta ƙarshe, in na hau sai in ga uwarta a gaba. Kalmar "ba nisa" a bakin Abukari, Allah ya isa tsakanina da ita.

A can sama aka ɗauki hoton. Kukan da na yi na jijiyar ƙafa ce da ta ɗaure, da kuma tsoro. Ƙirjin da na daka, numfashi ne ya tsaya min, zuciya na bugawa har cikin kunne, na tuna Shu'aibu da ledar cefanensa. Iran kuwa Abukari ne ya nuna da yatsa ya ce tana tsallaken ruwan, ni ban ga komai ba sai jiragen dakon mai. Tutar ta ƙasar nan ce, ranar bikin ƙasarsu ce, har motocin shara sun saka. Baƙaƙen kayan su kaɗai suka shige ni a kantin. Jan ƙyallen hankicin Abukari ne, gumi ke shigar min ido. Ɓatan da na ce na yi, na lafiyar jikina nake nufi.

Da magariba muka ɓullo ta bayan kasuwar kifin nan dai da muka tashi. Zagaye ne hanyar.

Yanzu ke da kika koyar da Hausa har kika yi ritaya, mutum ya wuni yana tafiya a ƙasa, wace kalma zai sa in ba tattaki ba? A kai wa Malam wannan. Ki fara karantawa ke kaɗai, ina roƙonki. Ki yi wa Hadi godiya, man ya yi amfani.

Ɗanki da bai sauya alƙibla ba,
Halliru

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
2 ga Fabrairu, 2014

Ɗana Halliru,

Na amsa sallamarka, na kuma gode Allah. Gwiwa ta tashi saboda zaryar da kake sa ni. Kalmar da kake nema ita ce wahala, da ita ka sa da duk haka ba ta faru ba.

Na karanta ni kaɗai har sau biyu, sannan na kai. Na zaci an gama. Ashe gara jiya.

Malam ya karanta a zuci wannan karon. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, wa ya je gaisarwa a ƙauyen?" Na ce ba kowa. "Rasuwa aka yi?" Na ce a'a. "Kifi ya je saro?" Na ce ban ga ya rubuta ba. Ya ce, "To tsaya in fahimta. Ya tashi daga kasuwar kifi. Ya yi rarrafe, ya suma, ya yi kuka. Sannan ya dawo kasuwar kifi." Na ce haka ne. Ya ce, "Waɗancan da na zarge shi da su, ko ba komai sun san inda za su. Wannan fa? Mutum da hankalinsa, ba aike ba, ba fatauci ba, ya bi bakin ruwa da kan duwatsu da tsakar rana, wuraren da kowa ya san su wa ke zaune a ciki. Hajiya, a duba yaron nan." Har ya ba ni sunan wani mai ruƙiyya a Kurna.

Na so in yi musu, sai na ga ni ma tambayar na cina. Na yi tafiyar ƙasa a rayuwata, amma ko biki za ni ko gaisuwar mara lafiya. Ban taɓa jin wanda ya sha wuya don ya isa inda yake tsaye ba. Shi kuma ruwan da kake cewa yana tafiya yana dawowa kullum kamar ɗan aike, na bar shi a bakinka.

Mutanen mai kantin magani sun nemi a ba su rana a ƙarshen watan nan. Saboda haka ka buɗe kunne, kai da naka ke aiki. Za ka koma ƙauyen nan. Dattijon da ya zuba maka ruwa kana shirin mutuwa, ka yi masa godiyar kirki? Ba ka yi ba, na san ka. To ka je takanas ka gode masa, wannan ko Malam ba zai ce ba hujja. Ga kilishi da dakuwa da zuma na ba Labaran, na dattijon ne, kada ka taɓa. Ka sa farar shadda da hula kamar ɗan mutane, a ɗauke ku hoto tare. Ba baƙi, ba ja, ba tuta ko ta wace ƙasa ce. Hannunka kuma ka nesanta shi da ƙirji.

Kada ka ba Dikko ko gaisuwa ya kawo min.

Gwaggonka,
Halima Sa'adiya

Bur Dubai
16 ga Fabrairu, 2014

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina ba gwiwarki haƙuri, tawa ma tana gaishe ta.

Na je. Da an ce min ɗan Shi'a, yanzu an ce mahaukaci, na ce bari in tafi kafin a samo na uku. Ni da Abukari kaɗai muka fita, shi ma sai da ya gama dariyarsa ya ce, "Massa, auren Kano ɗin nan, ko soja ba ya shan haka."

Gwaggo, wanda bai taɓa tsallen dutse cikin shadda mai sitaci ba bai san duniya ba. Tun kafin mu kai wurin igiyar nan, ruwan teku ya jiƙa ni har ƙugu. Hular da kika ce, iska ta ɗauke ta, ina kallo tana lilo a kan teku, ƙila ita ta isa Iran ɗin. Zumar ta tsiyaye a jaka, ƙudaje suka raka ni har ƙauyen kamar 'yan ɗaurin aure.

Abdul-Wahid na gyaran koma da muka iso. Ya gane ni, ya tafa hannu yana kiran mutane su zo su ga wanda ya suma ya dawo. Na durƙusa na yi godiya da guntun Larabcina, na miƙa saƙonki. Ya gutsuri kilishin, ya tauna, hawaye suka zubo masa, ya sha ruwa, ya miƙo hannu a ƙara. Ya ce a gaida Hajiya. Da ya ji godiya kawai ta kawo ni, sai ya riƙe kai ya ce, "Ya habibi, ga jirgi kullum yana zuwa gari, me ya sa ba ka hau ba?" Kin ga har a nan ma Malam Ɗalhatu na da 'yan'uwa.

Bayan salla ruwa ya rufe hanyar gaɓa kamar wancan karon. Dattijon ya jawo jirginsa mai inji, ya shimfiɗa min buhu, ya ce in shiga ya sauke ni a kasuwar kifi kafin shayi ya huce. Na dubi jirgin, na dubi dutsen. Wallahi ban taɓa son wani abu kamar yadda na so jirgin nan ba. Har na sa ƙafa ɗaya. Sai na tuna ba Malam ne ya fara aiko ni dutsen nan ba, maganar da Ayisha ta faɗa miki a ɗaki ce. Na janye ƙafata.

Na hau. Na tsaya hutawa ba adadi, na zagi Abukari a zuci, amma ban zube ba, ban yi kuka ba. Tun Disamba na daina shiga lif a gidanmu, tazugen wandona ma har na ƙara masa ƙulli.

Ga hoton nan, shaddar ta koma kalar ƙasa, kai ba hula, hannuwana duka biyu a baya. In Malam ya ƙi, ya ƙi, na gaji da fassara kaina. Amma ina son Ayisha, kuma tsoron da take ji ni ma shi nake ji. A faɗa mata an ba ni jirgi na ƙi hawa.

Ɗanki,
Halliru

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
1 ga Maris, 2014

Ɗana Halliru,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, jini ya sauka, gwiwa ce dai ta ce in gaya maka ba ta yafe ba. Jiya Dikko ya kawo min takardarka ta Disamba tana warin kwali, da a'a ɗinka manya-manya a ciki. Na gode masa yadda ya kamata, ba zai sake bi ta layinmu ba.

Na kai wa Malam ta ƙarshen. Ya ga hoton, ya ga dattijo da farin gemu riƙe da kilishi, ya ce, "To, ai da ya ce ziyara ya je. Mutumin da zai haye dutse don ya ce na gode, ba a ce masa mahaukaci." Har na fara gyara mayafi, sai wani ɗalibinsa, wanda na ji an ce ƙanin mai kantin magani ne, ya ce, "Allah gafarta Malam, in godiya ce ta kai shi, ya gama. Me ya hana shi jira ya dawo ta inda ya bi? Me ya kai shi zagaye ta bayan dutse?"

Gabana ya faɗi, don ni ba zan iya bayanin ruwan nan naka mai zuwa da komowa ba. Malam ya juya ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Kai, ranar Idi ta hanyar da ka tafi kake dawowa?" Ɗalibin ya ce a'a. Ya ce, "To me muka karantar da ku? A tafi ta wata, a dawo ta wata. Yaro yana ƙasar mutane bai manta ba, kai kana gabana ka manta." Ni dai na sunkuyar da kai, ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne. Yanzu duk wanda ya shigo zauren sai ya ba shi labarin. Kai ma in ka zo ka kama bakinka.

Ya ce a turo maza. Na sanar da baffanninka. Hadi ya ji kunya kaɗan, amma ya ce shi zai ɗinka maka kayan ɗaurin aure, ka aiko da sabon awo tunda an ce ka rage.

Ayisha ta zo ɗazu, ta karɓi biro ta ce in bar mata wuri a ƙasa. Na bar mata, ban kuma leƙa ba, ko da yake tabarauna na hancina.

Gwaggonka da ka tsofar,
Halima Sa'adiya

Malam Halliru, ina gaisuwa, ya gajiya. Tun hoton farko na san ba Zariya ka nufa ba, na sha ganin fuskar mutumin da numfashi ya ƙare masa. Shiru na yi don in ga ko sau ɗaya za ka yi ka bari. An faɗa min zancen jirgin. Kafin ka sake hawa ka je a auna jininka a duba zuciyarka, wannan ba shawara ba ce.

Baba na son hanyar nan don ta yi masa kama da ta Idi. Ni abin da ya kwantar min da rai, an ce duk wuyarta inda mutum ya tashi nan take dawo da shi. Shu'aibu saura matakala kaɗan ya iso ƙofa, ina jin takunsa. Ka hau duk dutsen da za ka hau, ban hana ka ba. Kai dai ka dinga isowa.

Ayisha